Idan Rumbu Ya Yi Ƙasa: Sulhun Ma'aurata da Matsalar Duka a Kudancin Kano

Duk wanda ya san zaman karkara a kudancin Jihar Kano ya san cewa shekara tana da wata gaɓa mai ƙunci. Idan marka ta sauka a watan Agusta, hatsin bara ya yi ƙasa a rumbu, na bana bai nuna ba, 'yan kuɗin hannu sun tafi a taki da biyan 'yan ƙwadago, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara ɗaya bayan ɗaya. Haka abin yake daga Badafi da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Ƙiru, zuwa ƙauyukan da ke gefen madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, har ƙasar shinkafa ta Tudun Wada da gonakin masara na Doguwa. A irin wannan lokaci ne tambayar kuɗin cefane take iya tayar da gida. Matar ta tambaya domin tukunya ce a gabanta. Mijin ya ji kamar gori ake yi masa, domin ya san abin da ke aljihunsa. Ta maimaita, ya ɗaga murya, ta tuna masa akuyarta da ya sayar bara bai biya ba, sai hannu ya riga hankali.

Ba mu ce talauci ne yake dukan mace ba. Akwai matalauta da yawa da ba su taɓa ɗaga wa iyalinsu yatsa ba, akwai kuma masu hali da gidajensu suka zama kurkuku. Amma ƙunci yana yawaita dalilan saɓani, yana kuma cinye haƙurin da za a tare saɓanin da shi. Kuma ƙuncin 'yan shekarun nan ya wuce na marka. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. A tsakiyar wannan shekarar, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100. Da farashin hatsi ya faɗi a 2025, mai saye a birni ya numfasa, amma manomin Doguwa da ya sayi taki da tsada ya kai masararsa kasuwa ya dawo da abin da bai rufe bashinsa ba. Tsada ta matse shi, araha ma ta matse shi, kuma duk matsin biyu a cikin gida suke sauka.

Cewa ciyarwa da cutarwa tafe suke tare, kotunanmu sun shaida. A watan Disamba na 2024, a wani taro da aka yi a Jami'ar Bayero kan cin zarafin mata ta fuskar Musulunci, Mai Martaba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana abin da ya gano a binciken digirinsa na uku, inda ya bi ƙararrakin kotunan shari'a tara na Kano na tsawon shekara biyar. Ƙarar ciyarwa ce ta ɗauki kaso mafi girma, ƙarar cutarwa ma ta ɗauki kaso mai yawa, kuma a cikinta akwai dukan mata. Ya ce dukan da ya gani a takardun ba irin mai sauƙin da ake faɗa a littafi ba ne: karaya ce da zubar haƙora. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 kuwa ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan Najeriya da suka taɓa aure sun fuskanci wani nau'in cin zarafi daga miji, na jiki ko na kwanciya ko na baƙar magana, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ko faɗa wa kowa ba. Wadda ta kai ƙara kotu, ke nan, ta bar 'yan'uwanta da dama a baya suna haɗiye abin.

Gidan da ya fi kowane gida daraja ma ya san saɓani a kan ciyarwa. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa matan Manzon Allah (SAW) sun taru suna neman ƙarin abin masarufi a lokacin da babu. Abubakar da Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, kowannensu ya tashi zai hukunta 'yarsa. Shi kuwa mai gidan, abin da ya yi shi ne ya ƙaurace musu wata guda, sannan ayoyi na 28 da 29 na Suratul Ahzab suka sauka aka ba su zaɓi, ya fara da Nana A'isha, har ya shawarce ta da kada ta yi gaggawa sai ta tuntuɓi iyayenta. Ita ce kuma ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Da Hindu 'yar Utba ta kawo ƙarar rowar Abu Sufyan, bai ce mata ta je ta yi shiru ba. Ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawararsa kan masu neman aurenta biyu, ya faɗa mata gaskiyar kowannensu, ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya mai dukan mata ne, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Abubuwan nan biyu da muke magana a kansu, rashi da duka, a gaban mace ya ambace su da sunansu tun kafin a ɗaura aure.

Wani ɗalibi zai ce, to ina aya ta 34 ta Suratun Nisa'i? Malaman mazhabar Malikiyya da muke bi sun ɗaure ta da sharuɗɗa masu tsauri: sai an tabbatar da bijirewa, sai wa'azi da ƙaurace wa shimfiɗa sun gabata, kada ya yi rauni, kuma kada a yi shi sam idan ba a zaton zai gyara komai. Alƙali Ibnul Arabi ya kawo ra'ayin Aɗa'u ɗan Abi Rabah cewa miji ba ya duka ko da ta saɓa masa, ya kuma yaba fahimtarsa. Shaihi Ibnu Ashur na Tunisiya ya ce hukuma tana da ikon hana shi da hukunta mai yi idan maza suka wuce iyaka. Sannan abin da ya fi shafar zancenmu: macen da ta nemi abincinta da na 'ya'yanta haƙƙinta ta nema, ba bijirewa ta yi ba. Marin da aka yi a kan kuɗin cefane ba shi da mafaka a wannan aya ko ta wace fassara.

Al'ummarmu ba ta rasa hanyar sasanta ma'aurata ba. Yaji da biko tsohon tsari ne mai hikima: mace ta fice daga inda ake cutar da ita, ta koma gidansu, miji ya biyo baya da magabatansa, a zauna a ji ta bakin kowa. Idan abin ya faskara, ga liman, ga mai unguwa, ga dagaci. Tun da aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, ofisoshinta a ƙananan hukumomi 44 sun zama wurin da ake kai rikicin aure kafin kotu, kuma sasanci yana cikin manyan ayyukanta na yau da kullum.

Sai dai ƙuncin da ya shiga ɗakin ma'aurata bai tsallake zauren iyayensu ba. Uban da a da zai riƙe 'yarsa mako biyu har sai surukinsa ya zo da dattawa ya ɗauki alkawari, yau yana duban rumbunsa, yana ƙirga bakin jikoki uku da ta zo da su, sai ya ce: “'Yar nan, aure ibada ne, ki yi haƙuri ki koma ɗakinki.” Kafin la'asar ƙaninta ya mayar da ita a kan babur. Ko an yi zaman ma, sau da yawa zama ɗaya ne, a gaban mutum goma, mijin yana zaune, an tambaye ta me ya faru, ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. A ja wa miji kunne da kalma biyu, a yi wa mata doguwar nasiha, a shafa fatiha a watse. Ba wanda ya tambayi buhu nawa ya rage, nawa ake bin mai gidan bashi, ko wannan ne karo na farko ko na goma. Haƙuri babbar ibada ce, amma idan kullum mutum ɗaya ake ɗora wa shi, ya tashi daga magani ya koma murfin da ake rufe gyambo da shi.

A nan ne abin da aka gwada a wasu ƙasashen Afirka masu irin halinmu yake da amfani. A yammacin Yuganda an horar da malaman addinin Kirista su riƙa zaunar da ma'aurata rukuni-rukuni, zama 12, a kan yadda ake magana da juna, yadda ake riƙe fushi, yadda ake shawara kan kuɗin gida da kuma haƙƙin shimfiɗa. An bi ma'aurata 1,680, wasu sun shiga wasu ba su shiga ba, kuma sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa bayan shekara guda, a kowane gida 100 an samu ragin gida biyar da ake cin zarafin mace. Ragin ba mai yawa ba ne, amma a ce malamin unguwa ne ya kawo shi, ba likitan ƙwaƙwalwa daga birni ba, wannan abin lura ne ga mai masallaci a kowace kusurwa. A Ruwanda, shirin Indashyikirwa ya ɗebo ma'aurata daga ƙungiyoyin tanadi na ƙauye, masu kama da adashinmu, ya ɗauke su zama 21 cikin kimanin wata biyar, kowane zama da aikin da za su je su gwada a gida. Bayan shekara biyu, yiwuwar mace ta fuskanci duka ko tilastawa ta ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda suka tsaya a kan tanadin kuɗi kawai. Kusa da mu, a Jamhuriyar Nijar, an yi gwaji a ƙauyuka 48 na Dosso, Loga da Dogon Dutsi, inda Hausawa da Zabarmawa ke zaune, tsakanin ƙananan matan aure da mazajensu, maza nasu zaman daban, mata nasu daban, aka kuma ga cin zarafi ya ragu a inda aka yi zaman rukunin. A Damagaram kuwa tun 2008 ake da makarantun mazaje, inda magidanta ke haɗuwa su tattauna lafiyar iyalinsu.

Abin da ya haɗa waɗannan shirye-shirye shi ne maimaici, da koyar da abin da za a aikata, da kuma buɗe zancen kuɗi a fili. Ba wa'azin rana ɗaya ba ne.

Amma akwai iyakar da dole a sani, kuma ita ce mafi nauyi a wannan magana. A 1995 wani masanin zamantakewa Ba'amurke mai suna Michael Johnson ya bambanta duka iri biyu a cikin aure. Na farko shi ne faɗan da yanayi ke haifarwa: gardama ta yi zafi, an yi ture ko mari, wani lokaci daga ɓangarorin biyu, kowa ya yi nadama, kuma ba wanda ke zaune cikin fargabar ɗan'uwansa. Na biyu mulkin tsoro ne: miji ya ƙwace mata jari, ya yanke ta daga danginta, ya yi barazanar kisa, ya shaƙe ta, dukan yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Masu aikin sasanta ma'aurata a ƙasashen da abin ya daɗe sun tsaya a kan cewa zaman haɗaka na iri na farko ne kawai. A iri na biyu, zaunar da mace gaban wanda take tsoro a ce ta faɗi gaskiya jefa ta cikin haɗari ne. Ko dai ta yi ƙarya ta tsira, ko ta faɗa ta biya kuɗin maganarta da dare. Saboda haka suke fara ganawa da kowa shi kaɗai kafin su yanke ko za a haɗa su.

Ɗalibin fiƙihu zai ji wannan bai zo masa baƙo ba. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kuma Imam Ƙurɗubi ya bayyana a tafsirinsa cewa kowannensu zai keɓe da nasa ya ji abin da ke ransa kafin su haɗu. A Malikiyya waɗannan biyun ba 'yan rakiya ba ne: ana sharɗanta musu adalci da sanin hukuncin abin da aka aike su, kuma idan suka ga zaman ba zai yiwu ba suna da ikon raba auren ko ma'auratan ba su so. Mukhtasar na Shaihu Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, waɗanda alƙalanmu ke hukunci da su, sun ba mace damar a sake ta saboda cutarwa idan ta tabbata, kuma Khalil bai sharɗanta sai an shaida maimaituwarta ba. Idan ƙara ta yawaita babu shaida, alƙali yana zaunar da su a tsakanin mutanen kirki da za su sa ido su kawo rahoto. Wannan ita ce bibiyar da zaman sulhunmu na yau ya yar. Macen da ta tabbatar an cuce ta kuma ba ta cancanci a tura ta ga hul'i ba, a ce ta dawo da sadakin da ba ta da shi kafin ta tsira; ayar 231 ta Suratul Baƙara ta hana a riƙe mace domin a cutar da ita. Mai sulhun da ya ga karaya, ko ya ji zancen shaƙewa ko wuƙa, aikinsa ya tashi daga sasanci ya koma kai mace asibiti da wurin aminci, da miƙa magana ga alƙali. Haka ma idan shaye-shaye ne tushen abin, sai an fara da shi. Ƙiru ce ma ke da cibiyar gyaran hali ta gwamnatin jiha.

To, ga gidajen da faɗansu na ƙunci ne, yaya zaman zai kasance a gari kamar Badafi? Ba ya buƙatar sabon gini. Liman ko malamin da jama'a suka amince da shi zai ji ta bakin miji, malama daga Islamiyyar matan aure ko 'yar Hisbah ta ji ta bakin matar a cikin gida, domin akwai abin da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba ko da mahaifinta ne. Wannan ma gado ne: jajis ɗin Nana Asma'u haka suka riƙa shiga ƙauyuka suna isar da ilimi ga mata 'yan'uwansu. Idan masu sauraron biyu suka gamsu cewa babu tsoro, sai a haɗa su, kuma a fara da lissafi.

Lissafin nan shi ne abin da muka fi jin kunyarsa. Magidanci da yawa yana ganin faɗa wa matarsa abin da ya samu zubar da girma ne, ita kuma da ba ta sani ba sai ta ɗauka ɓoyewa yake yi, ko tarin ƙarin aure yake yi. Wani lokaci zarginta gaskiya ne, domin mun san yadda kaka ke yi: a sayar da masara lokacin da ta fi araha a yi lefe, marka ta zo a koma awo da kwano a gida mai mata biyu. A zaman sai a ƙirga buhu nawa aka samu, nawa gidan ke ci a wata, nawa za a keɓe kada a taɓa har sabon amfani ya shigo. Idan mai gida zai tafi ci-rani Abuja ko Legas, me zai bari, ta hannun wa zai riƙa aike? Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora ciyarwa gwargwadon hali, don haka wanda ya bayyana halinsa ya sauke rabin nauyin zargi. Matar ma za a tambaye ta: adashi nawa ta shiga, anko da gudummawar biki nawa ta ɗauka a wata? Sannan maganar dukiyarta. Ribar ƙuli-ƙulinta, kuɗin surfen da ta yi, shinkafar da ta turara ta sayar, tumakin da ta kiwata, duk nata ne a shari'a. Idan ta sa a tukunya da yardarta, tana da lada biyu irin wanda aka yi wa Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud albishir da shi. Idan rance ne, a kira shi rance a gaban shaida, a sa masa lokaci. Faɗa nawa ne tushensa wannan kalma ɗaya da ba a fayyace ba, shi yana cewa taimako ne ita tana cewa bashi ne?

Bayan lissafi sai yarjejeniyar fushi. Sunna ta koyar da mai fushi ya yi shiru, ya zauna idan yana tsaye, ya nemi tsari daga Shaiɗan. Bukhari ya ruwaito cewa wata rana saɓani ya shiga tsakanin Sayyidina Ali da Nana Faɗima, sai ya fita ya je masallaci ya kwanta. Manzon Allah (SAW) ya zo ya tarar ba ya nan, ya bi shi, ya same shi ƙasa ta ɓata masa jiki, ya riƙa karkaɗe masa yana kiransa Abu Turab, sunan da Ali ya fi so har ƙarshen rayuwarsa. Miji ya fita kafin hannu ya motsa, suruki ya zo da taushi. Ma'aurata za su iya ɗaukar wannan a matsayin alkawari: idan murya ta hau, shi ya fita, ita kada ta tare ƙofa ko ta riƙe masa riga, a dawo kan maganar bayan sallar da ke tafe. Sai a sa ranar dawowa wurin masu sulhu, bayan mako biyu, bayan wata, bayan wata uku, kuma kowane karo a sake jin matar ita kaɗai. Inda aka ga babu ce tsagwaronta, ba rashin tsari ba, mai sulhu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa: masu fitar da zakkar hatsi na garin, ko Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha.

Gwamnatin Kano ta riga ta shiga harkar aure da ƙafa biyu. Auren zawarawa da aka fara da ma'aurata 100 a 2012 ya kai 1,800 a watan Oktoba na 2023, da sadaki da kayan ɗaki da ɗan jari ga amare, tare da gargaɗin kada a yi saki sai an koma wa Hisbah. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure. Daftarin dokar iyali da Masarautar Kano ta sa malamai suka tsara tun 2017 ya shafe shekaru bai zama doka ba, amma horar da masu sulhu ba ya jiran majalisa. Abin da ake buƙata shi ne a koya wa limamai da 'yan Hisbah na Ƙiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa tambayoyin da ke rarrabe faɗan ƙunci da mulkin tsoro, a ba kowane ofishi mace mai sauraro da ɗakin da ba a jiyo magana daga waje, a kuma buɗe littafin da za a rubuta ranar da ma'aurata za su dawo, da sunan wanda zai bi sawu idan ba su dawo ba.